Wai guguwar rana tana ƙara radiyeshin a nan ƙasa?

Ɗan Bukuru:
Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masana kimiyyar cikinmu don abin ya daɗe yana min yawo a ka. Ni harkar ma'adinai nake yi, kuza da kolumbait da su monazait, to saboda monazait ɗin ne na sayi 'yar na'urar nan ta Geiger mai auna radiyeshin, irin ta aljihu, da ita nake gane yashin da ke da kaya da wanda aka yi min algus. In ba na aiki da ita a baranda nake barinta a kunne. Lokacin babbar guguwar ranar nan ta watan Mayun 2024 da aka yi ta yaɗa hotunan sama ta yi ja da kore a Turai da Amurka, na lura lambar ta ɗaga, abin da ya saba zama wajen 0.15 sai ga shi ya haura 0.2 da yamma, can cikin dare ya sauko. Tun daga nan duk sanda na ji an ce rana ta yi aman wuta sai na leƙa, wataran in ga ya hau wataran shiru. Shin da gaske abin da ke faruwa a jikin rana yana ƙara radiyeshin ɗin da muke sha a ƙasa ko idona ne? Ni dai na san ruwa baya tsami banza.

Maman Iklima:
Wa alaikumussalam. Ai kuwa nima ina son jin amsar nan, ko kwanan nan sai da aka sake turo mana saƙon nan a gurup ɗin iyayen yara, wai daga 12:30 na dare zuwa 3:30 kowa ya kashe waya ya nisanta ta da jikinsa don wasu haskoki masu haɗari za su gifta kusa da duniya, wai BBC ce ta faɗa. Ni dai kashewa nake yi, rigakafi ya fi magani

Abu Hanan:
Hajiya saƙon nan ya girmi wasu yaran makarantar taku hhh. Tun muna 2go yake yawo, kullum "yau da dare" ne, ba kwanan wata ba shekara, kuma ba BBC ɗin da ta taɓa faɗa

Malam Fiziks:
Hajiya ki bar wayarki a kunne, haskokin da saƙon ke nufi ƙananan burbushi ne daga sararin samaniya, kuma ba giftawa suke yi da dare su wuce ba, dare da rana suke sauka a kanmu tun da aka halicci duniya, yanzu haka da kike karanta wannan suna ratsa tafin hannunki, kusan ɗaya a kowane santimita murabba'i duk minti, kuma ba ruwansu da waya a kunne take ko a kashe.

Ɗan Bukuru kafin in ce komai amsa min abu uku. Ranar da lambar ta hau an yi ruwa? Na'urar tana kusa da inda ruwan indararo ke zuba? Kuma lambar da ka gani ta minti ɗaya ce ko ka zauna ka ɗau matsakaicin awa guda?

Ɗan Bukuru:
Ranka ya daɗe ai ka san Jos, watan Mayu damina ta riga ta zauna, kusan kullum da la'asar sai an sheƙa. Barandar kuwa bakin indararo take. Lamba kuma abin da allo ya nuna nake karantawa kawai

Malam Fiziks:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Ina kyautata zaton ruwan ka auna ba rana ba.

Duk ƙasar da muke takawa akwai ɗan yuraniyom a cikinta, a wuri mai dutsen giranit irin Filato ya fi yawa. Yuraniyom ɗin yana rikiɗa sannu a hankali har ya zama radiyom, shi kuma radiyom ya haifi radon, wanda iska ce ba launi ba wari, tana sulalowa daga ƙasa ta shiga iskar da muke shaƙa. Cikin kwana 3.8 rabin radon ya rikiɗe, abin da yake haifa kuma ba iska ba ne, ƙananan burbushin ƙarfe ne, musamman dalma-214 da bismut-214, sai su manne a ƙura da ɗigon ruwan gajimare suna can sama warwatse ba mai jin ɗuriyarsu. Ruwa na saukowa sai ya wanko su gaba ɗaya ya zube a ƙasa, kamar yadda ruwan farko ke wanko daudar kwano ya tara ta a bakin indararo. Su biyun nan kuwa su ne masu fitar da irin radiyeshin da ake kira hasken gama, wanda na'urarka ke ji. Shi ya sa ko a tashoshin awon gwamnatoci a Jamus ko Japan in aka yi ruwa mai ƙarfi sai layin ya yi tsalle, ba wanda hankalinsa ke tashi don an san dalili.

Kuma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, ya hau da yamma ya sauko cikin dare. Dalma-214 rabinta na ƙarewa cikin minti 27, bismut-214 cikin minti 20, to awa biyu zuwa uku bayan ɗaukewar ruwa sun ƙare kenan. Guguwar Mayu kuwa kwana da kwanaki aka yi ana fama da ita, daga 10 ga wata.

Na uku, irin ƙaramar na'urar nan ƙyas-ƙyas ɗin da take ƙirgawa a minti bai fi ashirin da 'yan kai ba, kuma shi wannan ƙirge ba ya zuwa a jere, in matsakaicinsa 25 ne to yau ka ga 20 anjima ka ga 31 duk daidai ne ba abin da ya canza a duniya. Sai ka tara na awa guda sannan hawa da saukar ke raguwa zuwa kashi biyu ko uku cikin ɗari.

Sadiya Kt:
Ikon Allah, wato ruwan sama ma radiyeshin gare shi? Mu da muke tarar na sha a randa fa

Malam Fiziks:
Ki sha abinki ƙanwata, kafin gari ya waye waɗancan biyun sun ƙare. Abin da ya fi cancanta ki duba a ruwan kwano shi ne kashin tsuntsu da tsatsa.

Injiniya Bash:
Malam da girmanka amma ka yi saurin yanke hukunci. Akwai masana na gaske ba 'yan WhatsApp ba da suka ce rana tana taɓa saurin rikiɗar su kansu sinadaran. Jenkins da Fischbach na jami'ar Purdue a Amurka suna auna manganis-54 a watan Disambar 2006, rana ta yi babban aman wuta ranar 13 ga wata, suka ce sun ga ƙirgen rikiɗarsa ya ɗan ragu dab da lokacin. Suka koma kan tsofaffin bayanan ɗakin binciken Brookhaven na silikon-32 da na radiyom-226 a hukumar awo ta Jamus suka ga ƙirgen yana hawa da sauka da shekara, yana bin nisanmu da rana, don a farkon Janairu muna kusan kilomita miliyan 147 ne daga gare ta, a Yuli kuma miliyan 152. Har wani babban masanin rana na Stanford, Sturrock, ya mara musu baya. A Isra'ila ma an yi shekaru ana auna radon a cikin rufaffen tanki ana ganin yana bin awannin yini. To in haka ne me zai hana yashin Ɗan Bukuru ya ƙara ƙarfi in rana ta motsa?

Ɗan Bukuru:
Yauwa Injiniya faɗa musu dai!

Dakta Ummi:
Sallama gare ku. Ina ta bin zancen ina murmushi, bari in sa baki tunda aikina kenan auna samfurin ƙasa da ruwa.

Injiniya duk abin da ka kawo an yi shi, ba ƙirƙira ka yi ba, sai dai ka tsaya a tsakiyar labari. Farko dai girman abin da su kansu suka yi iƙirari, kusan kashi ɗaya ne cikin dubu. Ɗan Bukuru yana maganar daga 0.15 zuwa 0.2, wato ƙarin kashi ɗaya cikin uku, ka ga ko da Fischbach ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari bai taimaki maganarsa da komai ba, na'urar aljihu har abada ba za ta ga ɗaya cikin dubu ba.

Sannan da magana ta fito mutane ba su yi watsi da ita ba, gwadawa aka yi. Wanda ya fi burge ni shi ne na kumbon Cassini da aka harba a 1997, wutarsa daga zafin fulutoniyom-238 take fitowa, kuma a hanyarsa ya matsa kusa da rana har wajen duniyar Zuhura sannan ya nausa nesa. Mu nisanmu da rana kashi uku cikin ɗari kawai yake canzawa a shekara, shi kuwa nasa ya ninka, da rana na taɓa rikiɗar da wutar kumbon ta nuna ƙarara. Ba a ga komai ba. A 2016 kuma wani rukuni ƙarƙashin Stefaan Pommé suka tattara bayanan ɗakunan awo 14 na ƙasashe daban-daban, suka tarar inda ake ganin wannan hawa da saukar ta shekara ba ta zuwa lokaci ɗaya a kowane ɗaki kuma ba girma ɗaya ba, inda aka kula da zafin ɗaki da danshi sosai kuma sai ta kusa ɓacewa. In rana ce ai rana ɗaya ce a kan kowa. Duk wanda ya yi aiki da injin awon radiyeshin ya san halinsa, mu nan in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya na rabin yini sai ka ga layukan sun goce daga mazauninsu sai an sake saiti. Radon kuwa ya fi kowa rigima, iska ce, zafi kaɗan a gefe ɗaya na tanki ya isa ya sa ta tattaru a ɗaya gefen.

Injiniya Bash:
Dakta na ji, amma su Sturrock ba su janye ba ai har yanzu. Kuma ba yau aka fara yi wa mai gaskiya dariya a kimiyya ba

Dakta Ummi:
Rashin janyewa ba hujja ba ne Injiniya. Ranar da wani ɗakin awo da ba nasu ba ya maimaita ya samu abin da suka samu ni ce ta farko da zan turo shi nan.

Abu Hanan:
Wato a taƙaice ba wata alaƙa kenan, a rufe shafi kowa ya kama gabansa

Malam Fiziks:
A'a Abu Hanan kar ka sa min magana a baki. Alaƙa akwai ta, sai dai ta juya wa tunanin mutane baya ne.

Yawancin burbushin da na ce wa Hajiya suna sauka a kanmu ba daga ranarmu suke ba, daga can cikin taurari masu nisa suke zuwa. Victor Hess ne ya gano su a 1912 da ya hau balan-balan har sama da mita 5,000 ya ga radiyeshin na ƙaruwa maimakon ya ragu, har ya yi wani hawan lokacin husufin rana bai ga sun ragu ba. Ita rana tana hura iska mai ɗauke da maganaɗisu da ke lulluɓe duk duniyoyin da ke zagaye ta, wannan iskar ce ke tare wani kaso na baƙin nan. Rana kuma tana da zagaye na kusan shekara 11, ta yi zafin rai tabo ya cika mata fuska, sannan ta lafa. In ta yi zafin rai garkuwar sai ta ƙara ƙarfi, baƙin da ke iso mu su RAGU. In ta lafa kamar 2009 da 2019 sai su ƙaru. Tashar Oulu a Finland tun 1964 take ƙirga wannan ba fashi, in ka ɗora zanensu kan zanen tabon rana duk inda ɗaya ya hau ɗaya ya sauka.

Haka in ta watso babban curin wuta daga jikinta ya iso mu bayan kwana ɗaya zuwa uku, yana share burbushin ne daga hanya, ƙirge ya faɗi cikin awanni ya ɗau kwanaki kafin ya dawo. Wani Ba'amurke Scott Forbush ya gano haka a 1937 ake kiran abin da sunansa. A guguwar Mayun 2024 ɗin da Ɗan Bukuru ke magana abin da tashoshin duniya suka fi gani kenan, faɗuwa babba.

Ɗan Bukuru:
Kai Malam! wato lokacin da nake cewa ya hau a wajen masana sauka ya yi?

Malam Fiziks:
Kason da ke zuwa daga sama eh. Amma kason nan a bakin teku wajen 0.03 ne kawai a awa cikin lambar da kake gani, a Jos ya ɗan ɗara saboda tudu kuke, mita 1,200 da wani abu. In ya ragu da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari lissafa ka gani, ba zai ko motsa lambar ƙarshe ta allonka ba.

Dakta Ummi:
Malam ka manta da ɗaya gefen, kar Injiniya ya kama mu da ɓoye hujja hhh. Akwai lokutan da rana ke harbo nata burbushin da ƙarfin da har ake jin su a ƙasa. Tun 1942 da aka fara gani an ƙirga sama da 70, wato bai kai ɗaya a shekara ba, yawancinsu kuma ƙanana ne. Gagarumin shi ne na 23 ga Fabrairun 1956, a Leeds ta Ingila ƙirgen niyutron, irin burbushin da tashoshin ke ƙirgawa, ya ninka kusan sau 50, amma na ɗan lokaci ne cikin awanni ya sauka. Ko ranar 11 ga Mayun 2024 an samu ɗan ƙarami. Sai dai su waye ke ganinsa? Tashoshin da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya, inda maganaɗisun duniya ke barin ƙofa. Mu nan layin tsakiyar maganaɗisun ta cikin Najeriya ya ratsa, muna cikin wuraren da suka fi ko'ina kariya, abin da zai kutsa ya iso Jos ko Kano sai mai ƙarfin da rana ba kasafai take iya bayarwa ba. Ga kuma iskar da ke kanmu wadda nauyinta daidai yake da ruwa mai zurfin mita 10.

Alhaji Na-Sabon-Gari:
To mu masu hawa jirgi fa Dakta? Bana in Allah ya yarda ina da niyyar Umra

Dakta Ummi:
Allah ya karɓa Alhaji a sa mu a addu'a. A sama can kilomita 10 zuwa 12 kam ana shan fiye da na ƙasa ninki da yawa a kowace awa, amma tafiyar Kano zuwa Jidda gaba ɗayanta ba ta kai hoton ƙirji ɗaya na asibiti ba, kuma hanyarku ta yankin da ke da kariya ce. Masu damuwa da guguwar rana su ne matuƙan da ke bi ta saman ƙanƙarar arewa tsakanin Amurka da Asiya, su kam akan karkatar musu da hanya in abin ya yi tsanani.

Abu Hanan:
Na karanta wai a Maris ɗin 1989 guguwar rana ta kashe wutar lardin Quebec a Kanada awa tara har yau suna ba da labari. Awa tara fa jama'a. Mu tamu wutar ba ta jiran rana ta yi komai 😂

Ba'agadeshe:
Salam 'yan uwa. Ni daga Nijar nike kuma wanga zance ya taɓa ni. Ku kuna kallon sama mu ƙasa muka kallo. A Arlit tun 1971 ake haƙar yuraniyom, mahaƙar Akokan an rufe ta a watan Maris na 2021 amma tulin dusar ma'adinin miliyoyin ton yana nan a fili iska na bugu. A 2009 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da haɗin gwiwar ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa sun zo sun auna, a wasu titunan Akokan sun samu wurin da ya kai kusan ninki 500 na abin da aka saba, saboda duwatsun mahaƙa da anka yi ciko da su, sun kuma samu ƙarafan da sunka gurɓata a kasuwa ana saidawa. To wane aman wuta rana za ta yi shi ba da ninki 500 a ƙofar gidan mutum shekara da shekaru? Shi ya sa in na ji ana ɗora ma rana laifi sai in ga kamar ana kauda ma mutane hankali ne.

Sadiya Kt:
Innalillahi. Allah ya kawo muku ɗauki

Kawu Mai Rediyo:
Yaran nan ba ku san an taɓa tayar da bam ɗin nukiliya a Sahara ba ko? Faransa ta yi a Reggane cikin Aljeriya, 13 ga Fabrairun 1960, da ta ci gaba har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairun 1961. To ni tambayata hazon hunturun nan da muke shaƙa duk shekara ba ya kwaso mana ragowar?

Malam Fiziks:
Kawu Allah ya ƙara lafiya, tarihin haka yake. Ana samun ɗan burbushin siziyom-137, ragowar gwajin bama-baman nukiliya, a ƙurar Sahara, har a Faransa an auna shi a 2021 da ƙurar ta sauka musu kan motoci, amma kaɗan ne ƙwarai kuma duk shekara 30 rabinsa ke ƙarewa. Yawancin hazonmu ma daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa. Illar hazo ga ƙirji ƙurar ce kanta. Amma wannan zance ne na wata rana kar mu bar Ɗan Bukuru a hanya.

Maman Iklima:
Ni fa har yanzu akwai abin da ban gane ba, zafin da aka sha a azumin 2024 har ana cewa a Mali mutane sun mutu, ba wannan aman wutar ba ne ya jawo?

Malam Fiziks:
Ba shi ba ne Hajiya. Tsakanin lafawar rana da zafin ranta hasken da take aiko mana kashi ɗaya cikin dubu kawai yake bambanta. Wancan zafin da Kayes ta kai 48.5 a farkon Afrilu maganar ɗumamar yanayi ce. Amma tambayarki ta tuna min hanyar da rana ta fi taɓa radiyeshin na ƙasa, kuma ta zafin nata ne na kullum ba ta guguwa ba. Da dare ƙasa ta huce iska ta kwanta, radon da ke fitowa ba inda za shi sai ya taru ƙasa-ƙasa, ya fi yawa da asuba. Rana na ɗagawa ta gasa ƙasa iska ta fara tashi sama ta gauraya shi, da azahar ya ragu sosai. Kullum haka ake yi ko da tabo a rana ko babu.

Dakta Ummi:
Ni kuma in ƙara wadda ta fi ba ni sha'awa, don ita ce amsar tambayar a zahiri in ana maganar sinadarai masu radiyeshin ne ba haske kawai ba. Burbushin saman nan in suka daki iskar sama suna farfasa ta su ƙera sabbin sinadarai, kabon-14 da beriliyom-7 da beriliyom-10 da tiritiyom. Beriliyom-7 yana mannewa a ƙura ya sauko, rabinsa na ƙarewa cikin kwana 53, in ka zuƙi iska ta matata ka sa a injin za ka ga layinsa tsaf. Tashoshin da suka yi shekaru suna wannan awon, har da na hukumar sa ido kan gwajin makaman nukiliya, sun nuna yana bin zagayen shekara 11 ɗin nan, rana ta yi zafin rai ya ragu, ta lafa ya ƙaru. To ka ga alaƙa ta gaskiya wadda ba gardama a kanta, sai dai abin da yake ƙara wa jikin mutum bai taka kara ya karya ba.

Kabon-14 kuwa bishiyoyi na shanye shi su ajiye a zoben da ke ƙaruwa a cikin kututturensu kowace shekara. A 2012 wata ɗaliba 'yar Japan, Fusa Miyake, tana auna zoben tsofaffin itatuwan da Turawa ke kira cedar ta ga tsakanin shekarar 774 da 775 ya yi tsallen kashi 1.2 cikin ɗari a shekara guda, aka duba itatuwan Jamus da Rasha da Amurka da New Zealand aka ga abu ɗaya, ƙanƙarar Greenland da Antatika ma ta nuna. Yawancin masana sun tafi a kan rana ce ta yi harbin da ya ninka na 1956 sau gommai. Ku duba fa lokacin Imamu Malik na raye a Madina, Bagadaza ba ta fi shekara goma sha uku da kafuwa ba, mutane suka ci gaba da harkokinsu, itace ne kawai ya riƙe labarin. In irinsa ya zo yau taurarin ɗan'adam da na cikin jirgin sama ne abin ji, ba mai zaune a baranda a Bukuru ba.

Injiniya Bash:
Wannan na Miyake ya fi na Purdue daɗi gaskiya. Amma ina nan kan bakana a bar ƙofar bincike a buɗe

Ɗan Bukuru:
Ni ma dai ban gama sallamawa ba sai na gwada, gani ya kori ji. Ya zan yi in raba na ruwa da na rana?

Malam Fiziks:
Sauƙi gare shi. Wuri ɗaya kullum kar ka matsar da ita, nesa da buhunan kayanka, tsayi ɗaya daga ƙasa. Ka sa ta a ƙirgen jimla na awa guda ba lambar da ke rawa a allo ba. Littafi ka samu ka riƙa rubuta lokaci da lamba da ko an yi ruwa, kuma kar ka duba labarin rana sai ƙarshen wata, sannan ka buɗe shafin hukumar yanayi ta Amurka, NOAA, ka ga ranakun da aka yi guguwa ka gwama. In ka riga ka san an yi aman wuta kafin ka leƙa idonka zai nemo maka abin da kake so. Rani ya fi dacewa tunda ba ruwa.

Don ka san ma'aunin abin, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan radiyeshin ya ƙiyasta mutum na shan milisibat 2.4 (ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha kenan) a shekara daga halitta, kusan rabi radon ne, wajen 0.5 daga ƙasa da bango, wajen 0.4 daga sama, saura daga abinci da ruwa.

Dakta Ummi:
Malam ya ce nesa da buhunan kaya, ni nan hankalina ya tsaya tun ɗazu. Ɗan Bukuru ina kake ajiye monazait ɗin?

Ɗan Bukuru:
A sito ne Dakta nan cikin gida, yaran shagona biyu ma nan suke kwana don gadi. In na kai na'urar jikin buhu kam ihu take yi ba ƙyas-ƙyas ba, da haka nake gane mai kyau ai

Dakta Ummi:
Subhanallahi. Yayana don Allah yau ɗin nan ka canza wa yaran nan wurin kwana. Monazait toriyom ne a cikinsa, ihun da kake ji yana shiga jikinsu ne duk dare awa bakwai takwas, ga ƙurar da suke shaƙa wadda ta fi hasken illa don ita zama take a huhu, ga iskar da ke fita daga buhunan a ɗaki rufe. Sito ya zama sito kawai, a bar masa taga ta shan iska, mai tankaɗe ko ɗurawa ya sa takunkumi ya wanke hannu kafin ya ci abinci, kuma kar a kuskura a yi filasta ko daɓe da ragowar yashin, an sha auna dusar kuza a Filato ana samunta sama da ƙasar gari nesa ba kusa ba. In cikinsu akwai mai shan taba abin ya haɗu masa biyu, hukumar lafiya ta duniya ta ce bayan taba radon ne kan gaba wajen jawo kansar huhu.

Ka auna min uku ka turo: jikin buhu, kan tabarmar da suke kwana, da ƙofar gida.

Ɗan Bukuru:
To Dakta an gama, yau a zaure za su kwana. Ita wannan tawa tana auna radon ɗin ne ko sai wata?

Dakta Ummi:
Ba ta aunawa, nashi ma'aunin daban ne ana ajiye shi a ɗaki na makonni. Ka tuntuɓi sashen fiziks na jami'ar da ke kusa da kai ko cibiyar binciken makamashi ta Zariya su faɗa maka yadda ake yi. Turo lambobin ukun tukuna.